Wasan Taubasai a Bakin Bindiga

Na kai shekarun da zan ajiye carbi in yi ta nemansa, jikoki suna dariya suna nuna min shi a wuyana. Amma akwai wani hantsi guda wanda na tabbata da shi za a sa ni kabari, hantsin da na tsaya da ƙwaryar fura a hannu ina kallon wana a gefe guda da makami, mijina a ɗaya gefen da kayan sarki. Ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so. Abin ya faru ne jim kaɗan bayan samun mulkin kai, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Bagudo, gab da iyakar Dahome wadda yaran yanzu suka sani da Benin. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ko na wani mutum ba, don 'ya'yan waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Mu da muka tashi a wurin ba mu ɗauki iyaka a bakin komai ba. Wani dutse ne da Turawa suka kafa a gindin wata ƙirya, suka shafa masa farar ƙasa, awaki suna hawa kansa su sha iska. Wancan gefen muna ce masa Faransa, namu kuma Ingilishi, amma mutanen duk ɗaya ne, can muke aure, can muke zuwa suna da gaisuwar mutuwa. Gonakinmu ma kashi biyu ne. Shinkafa muna noma ta a fadama ta wajen kogin Kwara, dawa da gero kuwa a kan tudu, kuma tudun yana bayan dutsen. Gonar da ubanmu ya mutu ya bar mana tana can, shi ma gadonta ya yi tun kafin wani Bature ya san hanyar wurin.

Mu biyu muka rage wa Inna, ni da wana wanda nake kira Yaya. Ƙato ne mai babbar murya, in yana dariya a bakin gulbi ana jiyo shi cikin gari, kuma ba ya iya wuce mutum bai tsokane shi ba. Mijina kuwa ɗan gwaggonmu ne, ƙanwar ubanmu ce ta haife shi. Siriri ne marar magana, irin mutanen da sai ka matsa kusa kake jin sallamarsu, ni kuma shirun nan ne ya sace min zuciya. Shi aka ɗauka aikin ɗan doka, wato ɗan sandan sarki na wancan zamani, aka ba shi kaki da jar hula da ɗamara da kulki. Bindiga kam bai taɓa riƙe ta ba. Aikinsa bai wuce raba faɗa ranar kasuwa da raka ɓarawon akuya wajen alƙali a Kaoje ba.

To, kun san ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, kuma a wajenmu ba a wasa da wannan wasa. Kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne. Yaya bai taɓa kiran mijina da sunansa ba, sai dai bawa. In sun haɗu, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ya daka masa tsawa ya ce yau zai yanka shi ya yi kilishi, ya fizge jar hular nan ya ɗaga sama, ya ce ba zai bayar ba sai an fanshe ta da goro. Mijina marar maganar nan, a nan kaɗai bakinsa ke buɗewa, ya rama har mutane su riƙe ciki. Duk wanda ya fizge hular ɗan doka gidan yari zai kwana, amma ban da taubashi, ko hakimi ne a wurin murmushi zai yi ya kau da kai. Wasan kuma yana da wani amfani da yaran yanzu ba su sani ba. Taubashi ba ya fushi da taubashi, abin kunya ne babba, balle a zub da jini. Saboda haka in rigima ta yi zafi, taubasai biyu suka shiga tsakani suka fara zagin juna, dariya ke kashe maganar, kowa ya koma gida ba a ce ya ji tsoro ba. Na sha ganin su biyun nan sun kashe faɗan masunta a bakin tafki ta haka.

Da aka ce an samu mulkin kai mun yi murna kamar kowa, ko da yake ban ce mun gane abin sosai ba. An yi kiɗa, an yanka sa, Yaya ya yi rawa har ya tsage wando. Abin da muka fara gani a ƙasa shi ne wasu baƙin ma'aikata da aka kawo bakin dutsen nan. Suka gina ɗaki da wata babbar rumfar kwano mai ƙyaure, suka gicciya gora a kan turbar da jakunanmu ke bi. Da damina ba su hana mu zuwa noma ba, sai dai su dube mu mu dube su.

A shekarar Kwara ta cika ta batse, ta shanye shinkafar fadama tana gab da nuna, ko iri ba mu fitar ba. Muka gode Allah tunda tudu ya yi kyau. Da kaka maza suka yanke dawa, suka ɗaure dammuna, suka labta wa jakuna. Suna isowa bakin gorar aka ce a sauke. Wai kayan ƙasar waje ne, ba sa shiga sai an samu izini daga sama. Tun mutane na dariya suna nuna gonakinsu da yatsa, ga su can ana hangowa, har suka ga da gaske ana jidar dammunan ana zubawa cikin rumfar. Waɗanda suka zagaya ta daji aka kama su aka ce 'yan fasa-ƙwauri ne, a kan dawar da suka noma da hannunsu.

Dattawa suka je wajen dagaci, dagaci ya kai su wajen hakimi, hakimi ya ce ya aika sama, a yi haƙuri. Muka yi ta haƙuri har rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. Mata suka shiga tafki suna tono bado, wasu suna dafa tafasa ba ko ƙuli. 'Yar Yaya da aka yaye ba da daɗewa ba ta fara kumburin ƙafa. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne dawar tana nan a gabansu, in ka leƙa ta ramin kwano sai ka ga gara ta hau dammunan ƙasa, ɓeraye suna ta sha'aninsu.

Kuma wa aka sa gadin rumfar? Mijina da 'yan'uwansa 'yan doka, alhali har da dawar uwar da ta haife shi a ciki. Ya sha zuwa wajen babban ma'aikacin yana roƙo, mutumin ya ce shi ma umarni yake jira, in ya buɗe aikinsa ya tafi. Mutanen gari ba su san wannan ba, jar hula kawai suke gani a ƙofar abincinsu. Aka daina amsa sallamar mijina da sakin fuska. Ni kuma in na isa rijiya sai hira ta mutu, a bar ni da ƙarar guga. Gidanmu ba mu rasa abin sawa a baki ba, kuma wallahi wannan ƙoshin ya fi yunwa ɗaci a wajena. Ina ɗiba in kai wa Inna da matar Yaya a ɓoye cikin zane kamar wadda ta yi sata.

Daga nan magana ta bar hannun dattawa. Samari suka fara taruwa a maƙera, ana wasa adduna, ana gyara kibau, kowane masunci ya fito da mashin da yake sukar kada da shi, maharba suka ɗura bindigoginsu na toka. Ƙauyukan kewaye, waɗanda su ma dawarsu ke rumfar, suka aiko cewa suna tare da mu. Wata ranar kasuwa wasu masu zafin kai suka sare gorar nan suka jefa ta rafi, suka fasa wa wani ma'aikaci kai da dutse. Kafin labarin ya kai birni ya yi 'ya'ya, wai mutanen iyaka sun yi tawaye, za su koma Faransa. Sai ga mota ta zo da 'yan sanda masu bindiga daga can nesa, ba sa jin Hausa sai ta bakin wani tafinta da ya koye ta a bariki. Yanzu da na tsufa, in na tuna fuskokinsu sai in ga a tsorace suka zo, an gaya musu za su wajen masu dafin kibiya.

Mutanenmu suka zaɓi Yaya ya shige musu gaba, don shi ne wanda in ya yi magana ake ji. Aka tsayar da shawara cewa za a tafi da hantsi, ido na ganin ido, da jakuna da igiya, a kwashe dawa, wanda ya tare hanya kuma shi ya sani.

Ana gobe za a tafi, da la'asar, na durƙusa gaban mijina na roƙe shi ya kwanta ya ce zazzaɓi yake yi. Na yi kuka, na haɗa shi da Allah, na ce shi da Yaya su ne nawa a duniya, in suka haɗu a filin nan ban san wanda zan yi wa addu'a in bar wani ba. Sai ya ce in bai je ba babu wanda zai tsaya a tsakiya, baƙin nan ba su san kowa ba, kowa bai san su ba. Ya ce manzon hakimi yana tafe, abin da yake so kawai a ja lokaci. Na ce masa yaran da ke kwana da yunwa ba su da lokacin da za a ja. Ya tashi ya ɗauki buta.

Da gari ya waye na tafi gidanmu. Na tarar da Yaya a tsakar gida yana ɗaura wa jakinsa mangala, addarsa a jingine. Tun kafin in buɗe baki ya fara, wai matar bawa ta zo leƙen asiri. Da ya ga hawaye sai ya bar jakin ya matso, ya sassauta murya, abin da ba safai yake yi ba.

"Ke, kwantar da hankalinki. Dawarmu mu ka biɗa, ba ran kowa ba. In dai bawana na wurin, ba a zub da jini. Na san yadda ni ka yi da shi."

Na yarda da shi, don ban taɓa ganin wutar da bakin Yaya ya kasa kashewa ba. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da yarinyar nan mai kumburi a cinya. Ba ta ce masa kada ya je ba, ba ta kuma ce ya je ba. Ta ce Allah ya kiyaye, ta ci gaba da kore wa yarinyar ƙuda.

Da hantsi na dama fura kamar kullum, na rufe da faifai, na nufi bakin dutse. Ba yunwar mijina ce ta kai ni ba, dalilin zuwa kawai nake nema. Na tarar wasu mata sun riga ni, muka raɓe a bayan ƙiryar. Baƙin 'yan sanda sun jeru a gaban rumfar da bindigogi, shugabansu a gefe da tafinta, ma'aikatan kuma sun shige ɗaki sun turo ƙofa. Can sai ga mutanenmu sun ɓullo ta turbar gari. Ban taɓa ganin maza da yawa haka suna tafiya ba mai magana ba. Babu kiɗa, babu kirari, sai ƙarar kwarin kibau a bayansu da takun jakuna. Suka tsaya inda in ka jefa dutse zai kai rumfar.

Mijina ya fito shi kaɗai tsakiyar filin. Ya sunkuya ya ajiye kulkinsa a ƙasa, ya yi sallama, ya gaida dattawa, ya ce don girman Allah a dakata, manzon hakimi yana hanya. Wani ya ce ko kunkuru manzon ya hawo ai da ya iso. Wani daga baya ya kira shi karen baƙi. Samari suka fara turo na gaba, na ga wani maharbi ya ɗaga bindigarsa, na ga kibau sun hau tsirkiya. A ɗaya gefen shugaban baƙin ya faɗi wata kalma, bindigogi suka miƙe gaba ɗaya. Na jingina da itacen, furar tana zuba a zanena ban sani ba.

Na ga Yaya ya waiga ya dubi mutanensa, ya dubi bindigogin, na kuma ga ya gane abin ya kusa fin ƙarfinsa. Sai ya yi abin da ya saba. Ya fito fili da sauri, yana taku irin na mai fushi, ya buɗe muryar nan tasa.

"Kai bawa! Wa yab ba ka bakin magana gaban ubangidanka? Yau sai na yanka ka in yi kilishi!"

A take na ji wurin ya sauya. Wani tsoho ya fara ƙyalƙyalewa, na kusa da shi suka ɗauka. Kibau suka fara sauka, maharbin nan ya dafe bindigarsa a ƙasa yana girgiza kai. Kowa a cikinmu ya san abin da Yaya ke yi, yana buɗe wa mutane hanyar ja da baya ba kunya, a zauna a inuwa a jira manzon, a ce taubasai ne suka ɓata shiri. Mijina ma na ga haƙoransa, rabon da in gan su tun ranar da aka kulle rumfar.

"Kai ab bawa," in ji shi. "In ka yanka ni, wa ka ba ka goro?"

Abu biyu Yaya ya manta. Ya manta da addar da ke hannunsa na hagu, don manomi ba ya jin nauyin adda, kamar yatsansa take. Ya kuma manta akwai mutane a duniya da ba su san taubashi ba. Daga baya, da aka zauna bincike, tafintan ya faɗa da bakinsa yana hawaye cewa shugaban ya tambaye shi me ƙaton nan ke cewa, shi kuma ya mayar masa kalma da kalma, ya ce zai yanka ɗan dokan yanzu. Bai yi ƙarya ba, abin da aka faɗa ke nan. Dariyar mutanenmu kuma suka ɗauka ta mugunta ce.

Yaya ya kai hannu ya fizge jar hular, ya ɗaga ta sama yana juyi, addar ta tashi tare da ɗaya hannun tana walƙiya a rana. Sai na ji ƙara guda ɗaya. Tsuntsaye suka watse daga kan rumfar. Yaya ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa, da sauran dariya a fuskarsa, sannan ya zauna a ƙasa a hankali.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Mijina ya riga ya rungume shi, jini yana bin kakinsa, yana waiwayen baƙin yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba.

"Wasa mu kai! Wasa mu kai!"

Da Hausa yake gaya musu wasa suke yi, su kuwa ba sa ji. A bayanmu wani irin gurnani ya taso daga mutanenmu, na san in kibiya ɗaya ta tashi, maza kaɗan ne za su koma gari da ƙafarsu. Yaya ma ya ji. Ya kamo wuyan rigar mijina ya jawo shi. Kansa yana kan cinyata, don haka na ji abin da ya ce.

"Bawa, tashi ka tare su. Kak ka bari wani ya biyo ni."

Mijina ya tashi, kai ba hula, ya juya wa bindigogi baya, ya buɗe hannuwa ya fuskanci mutanen garinsu. Ya gaya musu abin da Yaya ya ce, ya ce wanda zai harba ya fara da shi. Liman ya fito ya tsaya kusa da shi, sai wani dattijo, sai wani. Haka suka yi shinge da jikinsu har hannuwan samari suka gaji suka sauka. Wanda ya yi harbin kuwa, wani dogo siriri, ya yar da bindigar ya durƙusa yana amai. Na tsane shi shekaru masu yawa, yanzu kam ban san me nake ji game da shi ba.

Aka ɗauko Yaya a kan wani ƙyaure, bai kai azahar ba ya cika a ɗakin Inna. Manzon ya iso da yamma, saƙonsa shi ne a ƙara haƙuri. Kashegari hakimi ya zo da kansa ya sa aka buɗe rumfar, babu wanda ya ƙara maganar izini daga sama. Gara ta riga ta cinye kashi mai yawa. Da abin da ya rage aka yi tuwon sadakar Yaya. 'Yarsa ta warke, ita ce yanzu take kai ni asibiti a Bagudo in ƙafa ta matsa min.

Kwanakin makoki a ɗakin Inna na yi su. Wasu mata masu zuwa gaisuwa ba sa ɓoye maganarsu, suna cewa da wace fuska zan koma in dafa wa mutumin da aka kashe wana saboda shi. Dangin Inna suka ce a raba auren. Ina son mijina, na kuma san ba shi da laifi, amma in na rufe ido jinin nan nake gani a kakinsa. Na ƙudura a raina abin da Inna ta ce shi zan bi, ko da cewa ta yi in bar shi. Ita kuwa tun ranar ba ta yi doguwar magana da kowa ba.

Da aka share makoki sai ga shi ya zo, ya rame ya yi baƙi, da wani ƙunshi a hammata. Ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya tsuguna a ƙofar ɗakin, bai iya ɗaga ido ba. Ya kwance ƙunshin, kayan aikinsa ne, an wanke an ninke. Ya ce ya zo ya shaida mata zai mayar wa hakimi kayansa, ba zai ƙara sa su ba har ya mutu. In ta ce ya bar garin zai bari, in ta ce ya sauwaƙe min zai yi. Ina daga ƙuryar ɗaki ina saurare. Na ɗauka ko tsine masa za ta yi, ko ta ce ya kyauta.

Inna ta dubi kayan, sannan ta tambaye shi.

"Kai kak kashe min ɗa?"

Sai ya fashe da kuka. Inna ta ci gaba.

"Wanda bai san mu ba shi yak kashe shi. In ka tuɓe kayan ga, wa za su kawo? Wani wanda bai san mu ba. Ni ko ina da jikoki garin ga. Tashi ka sa kayanka, ka ɗauki matarka ku tahi gida."

Mutane suka ce Inna ta yafe masa. Ni da na zauna da shi na san kaya ta ɗora masa, masu nauyin gaske, kuma ya ɗauka. Ya ci gaba da sa kakin nan kowace safiya, yana ratsa filin da abin ya faru, wasu na tofar da yawu in ya ba da baya. Duk baƙon ma'aikacin da aka kawo bakin iyaka, kafin ya kwance kayansa mijina ya zaunar da shi ya yi masa karatun mutanen gari: wane taubashin wane ne, mahauci in ya zagi masunci ba faɗa ba ne, in ka ga mutum da adda gona za shi. Wasu su saurara, wasu su ɗauke shi baƙauye mai surutu, shi da magana ba ta dame shi ba. A haka ya yi aiki har aka soke 'yan doka, kuma a zamaninsa ba a sake harbin mutum a wurin ba. Amma ban sake jin ya yi dariya da ƙarfi ba. In yara taubasai suka fara tsokanar juna a ƙofar gida, sai ya tashi ya shiga ciki.

Ya rasu ya bar ni, Inna ma tuni. Na yi shekaru ina juya abin a raina ina neman wanda zan ɗora wa laifi, na ga kowa yana da rabonsa, da wanda ya kulle abincin mutane yana jiran izini, da mu da muka ɗauki makami, don in makami ya fito ko wasa aka yi ba a jin sa wasa. Amma darasin da ya fi zauna min shi ne maganar Inna. Wanda ya harbi wana ko sunansa bai sani ba, a zatonsa ceton ɗan doka yake yi. Bai kamata a ba mutum bindiga a kan mutanen da bai sani ba. Shi ya sa har yau in na ji a rediyo an tura masu bindiga wani ƙauye su kwantar da tarzoma, ba na tambayar ko su nawa ne. Sai in ɗaga hannu in roƙi Allah ya sa a cikinsu akwai ko mutum ɗaya da zai iya bambanta fushin mutanen wurin da wasansu.